Yaran Kamloops da ba su koma gida ba: wa ya ɗauki alhaki, me kuma ya rage

Ranar 27 ga watan Mayun 2021 Rosanne Casimir, zaɓaɓɓiyar shugabar al'ummar Tk'emlúps te Secwépemc da ke lardin British Columbia a yammacin Kanada, ta fitar da sanarwar da ta girgiza ƙasar baki ɗaya. Ta ce wata na'urar rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa ta gano gawarwakin yara 215 a harabar tsohuwar makarantar kwana ta Kamloops, makarantar da aka gina musamman domin 'ya'yan 'yan asalin ƙasar. Duniya ta ɗauka, gidajen rediyo da talabijin kowa na yi, mutanen Kanada da yawa suka riƙa cewa wallahi ba mu sani ba, ba a taɓa faɗa mana ba. To amma an faɗa, an daɗe ana faɗa, tsofaffin ɗaliban makarantar sun shafe shekaru suna cewa akwai yaran da aka kwana da su aka wayi gari babu su, kawai dai ba wanda ya ga damar saurare ne.

Shi yasa nake ganin lamarin Kamloops ya cancanci a zauna a bi shi daki-daki, domin in ka bi shi tun daga tushe abu ɗaya za ka yi ta cin karo da shi: babu wani abu, diyya ce ko neman afuwa ko takardu, da gwamnati ko coci suka kawo da kansu don lamirinsu ya dame su, duk sai da waɗanda aka zalunta suka tashi suka ƙwato shi, yawanci ma a kotu.

An buɗe makarantar ne a 1890 a bakin kogin South Thompson, a kan ƙasar mutanen Secwépemc ɗin kansu. Abun tausayi ma shine shugabansu na lokacin, Louis, yana cikin masu neman a kawo makaranta, saboda yana son 'ya'yansu su yi karatu su iya zama da Turawan da suka cika musu ƙasa, ba wai mutanen ƙin ilimi suke ba. Daga 1893 limaman Katolika na ƙungiyar Oblates suka karɓi ragamarta, sistocin St. Ann suna koyarwa, gwamnatin tarayya kuma tana biyan kuɗi gwargwadon yawan yara. Haka aka tafi har 1969 lokacin da gwamnati ta karɓe ta, ta mayar da ita wurin kwanan ɗaliban da ke zuwa makarantun cikin gari, sai 1978 aka rufe. A farkon shekarun 1950 yaran da ke ciki sun kai wajen 500, har ta taɓa zama mafi girma a cikin ire-irenta a duk Kanada. Ginin jan bulon yana nan tsaye har gobe.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Yara wajen 150,000 aka bi da su ta irin waɗannan makarantu a faɗin ƙasar, makarantu 139 ne aka lissafa a yarjejeniyar biyan diyya da aka cimma da tsofaffin ɗalibai a 2006, na ƙarshensu kuma sai a ƙarshen shekarun 1990 aka rufe, wato ba labarin kaka da kakanni ba ne, akwai waɗanda suka zauna a ciki da ko furfura ba su gama yi ba yanzu. A 1920 aka gyara dokar da ke mulkin 'yan asalin ƙasa aka mayar da kai yaro makaranta dole, uban da ya ƙi ana iya cin sa tara ko a ɗaure shi. Babban jami'in da ke riƙe da ma'aikatar harkokin 'yan asalin ƙasa a lokacin, Duncan Campbell Scott, bai ɓoye manufa ba ko kaɗan, ya faɗa wa kwamitin majalisa cewa burinsu shine a ci gaba har sai babu wani ɗan asalin ƙasa ko ɗaya da bai narke cikin al'ummar Turawa ba.

Yadda ake yi kuwa, tsofaffin ɗalibai sun ba da labari iri ɗaya daga wurare daban-daban. Idan hutu ya ƙare sai babbar mota ta zo ƙauye, irin wadda ake lodin shanu, a zuba yara a baya suna kuka iyaye na tsaye suna kallo ba yadda za su yi. Da an isa sai a tuɓe musu kayan da suka zo da su daga gida, a aske musu gashi, alhali a wajen da yawa daga cikin ƙabilun nan yanke gashi alama ce ta makoki, a ba kowane yaro lamba, lambar ce a jikin rigarsa da gadonsa. Wa da ƙanwa suna gini ɗaya amma ba damar su gaisa saboda an raba maza da mata. Rabin yini aji, rabin yini aikin gona da wanki da ɗinki da kicin, domin kuɗin da gwamnati ke bayarwa ba ya isa, guminsu ne ke riƙe da makarantar. Tun 1910 shugaban makarantar Kamloops da kansa ya koka cewa kuɗin ba ya isa a ciyar da yaran yadda ya kamata. George Manuel, wanda daga baya ya zama babban jagoran 'yan asalin ƙasar Kanada a shekarun 1970, a nan ya yi karatu, kuma abin da ya ce ya fi tunawa da makarantar shine yunwa.

Akwai wata wasiƙa da ta fi komai tsaya min a rai. A watan Nuwamban 1948 shugaban makarantar, Fada O'Grady, ya rubuta wa iyaye cewa a bana an yi musu alfarma 'ya'yansu za su yi hutun Kirsimeti a gida, amma da sharaɗi: su zo da kansu su ɗauka, kuma su dawo da su a kan lokaci, wanda ya makara to baɗi ɗansa ba zai je gida ba. Alfarma fa. Ɗan da ka haifa, wani ne yake maka alfarmar ka gan shi na 'yan kwanaki, har da gargaɗi. Duk wanda yake son ya gane ina iko yake a wancan tsarin, wannan 'yar takardar ta ishe shi.

Sai maganar harshe. Yaron da aka kama yana Secwepemctsín, harshen uwarsa, bulala ce ko horo. Mu da muka yi makarantar boko a nan mun san tarar da ake ci idan an ji ka yi Hausa a aji, amma mu da an tashi gida muke komawa, inna ta yi mana faɗa da Hausa, kaka ta yi mana tatsuniya da Hausa, kasuwa da masallaci duk Hausa. Su kuwa wata goma a shekara babu wanda zai yi musu magana da harshensu, wasu ma shekaru suke yi ba su je gida ba, yaro ya koma ƙauye ya tarar ba ya iya hira da kakarsa, kuma an riga an cusa masa cewa duk abin da iyayensa ke yi ƙazanta ce da duhun kai.

Game da mutuwa, hujjar cewa ba a sani ba sam ba ta tsayuwa. A 1907 babban likitan ma'aikatar, Dakta Peter Bryce, ya zagaya makarantun yammacin ƙasar ya rubuta rahoto cewa a makarantun da ya samu bayanansu kusan kashi 24 cikin ɗari na yaran sun mutu, yawanci tarin fuka ne, saboda cunkoso da rashin iska da haɗa mai lafiya da mara lafiya ɗaki ɗaya. Ya ba da shawarar gyara, aka yi biris da shi, daga baya aka ture shi gefe, a 1922 ya buga bayanan da kansa ya kira abin laifin da ƙasa ta aikata. Kuma idan yaro ya mutu, tsarin ma'aikatar na tsawon shekaru shine ba a mayar da gawa gida saboda tsadar sufuri, sai a binne shi nan kusa da makaranta, wani lokaci da 'yar alamar katako da ruwan sama da dusar ƙanƙara za su cinye cikin shekaru kaɗan. Wasu iyayen sai bayan watanni suke jin labari, wasu har suka koma ga Allah ba wanda ya zo ya ce musu ga abin da ya faru. Ba gawa, ba jana'iza, ba zaman makoki, ba kabarin da za ka je ka tsaya a kai, kawai yaro ya tafi makaranta shikenan.

Waɗanda suka rayu kuma suka fito da abin da suka fito da shi. Mutumin da tun yana shekara shida ba wanda ya rungume shi, abin da ya sani layi da ƙararrawa da duka, wasu kuma an yi lalata da su a ɗakin kwana da dare, shi ne ya girma ya yi aure ya haihu, to ta ina zai koyi tarbiyyar ɗa? Da yawa suka faɗa shaye-shaye don su manta, wasu suka kashe kansu, 'ya'yansu da ba su taɓa taka makarantar ba suka gaji ciwon. Daga nan hukuma ta dawo ta ce ai iyayen nan ba su iya riƙon yara ba, aka shiga kwashe yaran ana ba Turawa riƙo, musamman daga shekarun 1960. Har yau abin bai tsaya ba: ƙidayar 2021 ta nuna yaran 'yan asalin ƙasa kashi 7.7 ne cikin ɗari na yaran Kanada 'yan ƙasa da shekara 15, amma su ne kashi 53.8 na yaran da ke hannun masu riƙo.

Shirun ya fara fashewa ne a 1990, lokacin da Phil Fontaine, shugaban sarakunan 'yan asalin ƙasa na Manitoba a lokacin, ya fito a talabijin ya ce an ci zarafinsa a makarantar da ya yi. Babban mutum ya faɗi irin wannan a bainar jama'a ba ƙaramin abu ba ne, sai wasu ma suka samu ƙarfin gwiwa. Coci-coci suka fara neman afuwa ɗaya bayan ɗaya, Oblates a 1991, Angilika a 1993, Firesbiteriyan a 1994. Amma abin da ya motsa gwamnati da gaske shine ƙararraki, dubban tsofaffin ɗalibai suka cika kotuna har ta kai gwamnati ta ga ba mafita sai sulhu. A 2006 aka cimma yarjejeniya, ta fara aiki a 2007: duk wanda ya zauna a makarantar kwana zai karɓi dalar Kanada 10,000 na shekarar farko da 3,000 na kowace shekara bayanta, wanda aka yi wa fyaɗe ko mugun duka kuma yana da hanya ta daban da zai je ya ba da bayani a gaban mai yanke hukunci, mutum wajen 38,000 suka shigar da irin wannan buƙata, aka biya sama da dala biliyan 3. Ranar 11 ga Yunin 2008 Firaminista Stephen Harper ya tsaya a majalisa ya nemi afuwa a madadin ƙasa.

Cikin yarjejeniyar ne aka kafa Hukumar Gaskiya da Sasantawa ƙarƙashin Mai shari'a Murray Sinclair, wanda shi ma ɗan asalin ƙasa ne (ya rasu a Nuwamban 2024). Hukumar ta saurari sama da mutum 6,500, a 2015 ta fitar da rahoto ta kira abin da aka yi kisan ƙare dangi ga al'adun mutanen, ta kuma kawo buƙatu 94 da take son a aiwatar. Ta iya tabbatar da mutuwar yara wajen 3,200, kuma ku ji wannan: kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ɗin ko sunansu ba a rubuta ba, kusan rabi kuma ba a rubuta abin da ya kashe su ba. Makarantar da ta san lambar rigar kowane yaro, ta san ko nawa gwamnati za ta biya a kansa, ita ce ta kasa rubuta sunansa ranar da ya mutu. Rajistar da cibiyar adana bayanan hukumar ke riƙe da ita a Winnipeg yanzu ta haura sunaye 4,000, a ciki akwai 51 daga Kamloops.

Ita kanta hukumar ba a bar ta ta yi aiki cikin sauƙi ba. Sai da ta kai gwamnatin da ta kafa ta ƙara kafin kotu a Ontario ta ba da umarni a 2013 a buɗe mata takardun da ke rumbun adana tarihi na ƙasa, kuma ta gano cewa tsakanin 1936 da 1944 kaɗai an lalata fayil wajen 200,000 na ma'aikatar. A 2009 ta roƙi dala miliyan 1.5 domin ta nemo kaburburan yaran, gwamnati ta ce a'a. Miliyan ɗaya da rabi kacal, a ƙasa irin Kanada. Shekara 12 bayan wannan ƙin ne mutanen Tk'emlúps suka nemo 'yar tallafi suka kira masaniyar rada da kansu.

Bayan sanarwar Mayu, abin da ya biyo baya ya yi yawa. Aka jera takalman yara ƙafa 215 a kan matakalar gidan zane-zane na Vancouver, ƙananan takalma, wasu na roba wasu na fata irin na gargajiya, mutane na zuwa suna ajiye 'yar tsana a gefe. Aka sauke tutar ƙasa zuwa rabin sanda har watan Nuwamba. A Yuni al'ummar Cowessess a Saskatchewan ta sanar da nata kaburbura 751 marasa alama. An ƙona coci-coci da dama, abin da shugabannin 'yan asalin ƙasa da yawa suka yi Allah wadai da shi, don wasu cocin ma na mutanensu ne da kakanninsu suka gina. Har Amurka abin ya tsallaka, Deb Haaland, 'yar asalin ƙasa ta farko da ta riƙe ma'aikatar cikin gida, ta buɗe binciken nasu makarantun, aka lissafa 417 da yara aƙalla 973 da suka mutu, a Oktoban 2024 Shugaba Biden ya nemi afuwa a Arizona.

A Kanada majalisa ta yi sauri ta mayar da 30 ga Satumba ranar hutu ta gaskiya da sasantawa, ranar da dama can ake sa riga ruwan lemo saboda labarin Phyllis Webstad, wadda kakarta ta saya mata sabuwar riga za ta fara makaranta tana shekara shida a 1973 aka ƙwace ranar farko ba ta sake ganinta ba. To ranar farko da aka yi wannan hutu, mutanen Tk'emlúps sun aika wa Firaminista Justin Trudeau gayyata har sau biyu, shi kuwa ya ɗauki iyalinsa ya tafi shaƙatawa bakin teku a Tofino, a cikin lardin nan ɗaya. Ya zo Kamloops ranar 18 ga Oktoba ya ba da haƙuri, Casimir tana zaune kusa da shi ta faɗa masa a gaban jama'a irin zafin da suka ji. Na ji daɗin yadda ta yi, ba zagi ba kuma ba ɓoye-ɓoye.

Yanzu ga inda lamarin ya yi sarƙaƙiya, kuma dole a faɗe shi yadda yake. Rada ba ta ganin ƙashi. Abin da take nunawa shine wurin da aka taɓa tona ƙasa aka mayar, da zurfinsa da fasalinsa. A watan Yulin 2021 masaniyar da ta yi aikin, Dakta Sarah Beaulieu, ta yi bayani cewa adadin ya koma 200, kuma wurare ne da ake kyautata zaton kaburbura ne, tabbaci sai an tona. Wajen eka biyu kawai ta duba a tsohon lambun tuffa, inda tsofaffin ɗalibai suka ce ana tashinsu cikin dare su haƙa rami, alhali harabar ta kai eka 160. 'Yan jarida da yawa kuwa sun riga sun rubuta wai an gano kabarin bai ɗaya, abin da al'ummar ba ta taɓa faɗa ba. Wannan kuskuren shi masu musu suka riƙe, suna cewa ina gawarwakin, ai ba a tono ko ɗaya ba, duk ƙarya ce. Casimir ta ba da labarin cewa har akwai waɗanda suka shigo wurin cikin dare da shebur wai za su tona su gani da idonsu. A 2023 an tona ƙarƙashin wani coci a Pine Creek da ke Manitoba ba a samu komai ba, suka ƙara samun abin faɗa.

Ni a ganina sanarwar farko ta yi gaggawar cewa an tabbatar, kuma gyaran da aka yi daga baya shine daidai. Amma mai cewa tunda ba a tona ba to babu abin da ya faru, ba gaskiya yake nema ba. Ko da a ce gobe an tona lambun nan ba a samu kowa ba, rahoton Bryce yana nan, sunaye sama da 4,000 suna nan, 51 na Kamloops suna nan, kuma takardun gwamnati da na coci ne suka nuna su ba rada ba. Tambayar da ta dace ba wai ko yara sun mutu ba ce, tambayar ita ce ina aka kai su, kuma wanda ya karɓi yaro daga hannun uwarsa da ƙarfin doka shi ya kamata ya kawo amsa, ba jikokin uwar ba.

Shi yasa maganar Cocin Katolika ta fi ci min rai, don ita ta tafiyar da mafi yawan makarantun. A yarjejeniyar 2006 ƙungiyoyin Katolika sun yi alkawarin za su yi iya ƙoƙarinsu su tara dala miliyan 25 domin waɗanda abin ya shafa, abin da suka tara bai kai miliyan 4 ba, a 2015 kuma bayan wata taƙaddamar lauyoyi kotu ta sallame su daga sauran nauyin, gwamnati ba ta bi ɗaukaka ƙarar har ƙarshe ba. Sai da Kamloops ta fashe aka sake tono zancen, bishop-bishop suka yi sabon alkawarin miliyan 30 a Satumban 2021. Hukumar Sinclair ta nemi Fafaroma ya zo Kanada ya nemi afuwa cikin shekara ɗaya, aka yi shekara bakwai. Fafaroma Francis ya fara ba da haƙuri a Roma ranar 1 ga Afrilun 2022 a gaban tawagar da Casimir ke ciki, sannan ya zo Maskwacis a Alberta ranar 25 ga Yuli ya maimaita, tsoho a keken guragu ya je maƙabarta ya yi addu'a, tsofaffin ɗalibai da yawa sun yi kuka sun ce abin da suke jira kenan tsawon rayuwarsu, kuma ba ni da hurumin raina wannan. Wasu kuma suka lura cewa laifin 'ya'yan coci ya ambata, bai ce cocin kanta ta yi ba, Sinclair ma ya faɗi haka. A jirgi yana komawa ne ya amsa wa 'yan jarida cewa eh, kisan ƙare dangi ne. A Oktoban wannan shekarar majalisar wakilan Kanada ta amince da hakan ba hamayya. Kamloops kuwa, duk da gayyatar da suka yi masa, bai je ba.

Hukunci fa? Nan ne aka fi rauni. Hukumar gaskiya ta samu ƙasa da mutum 50 da aka taɓa yanke wa hukunci kan cin zarafin yara a duk tsarin, ga kuma mutum 38,000 da suka kawo ƙorafi. Gwamnati ta ɗauki masu bincike suka nemo sama da mutum 5,000 da ake zargi, amma ba don a gurfanar da su ba, don a tambaye su ko suna son su halarci zaman diyya su kare kansu ne. Da yawa sun tsufa sun mutu a gadonsu. Yawancin kuɗin diyya kuma daga baitulmali ya fito, wato wanda ya yi aika-aikar ko sisi bai fita daga aljihunsa ba.

Inda mutanen Tk'emlúps suka burge ni shine shari'ar da suka yi. Yarjejeniyar 2006 ba ta haɗa da yaran da ke zuwa makarantar da safe su koma gida da yamma ba, alhali aji ɗaya bulala ɗaya, kuma ba ta ce komai ba kan asarar da al'umma ta yi a matsayinta na al'umma. A 2012 shugabansu na lokacin, Shane Gottfriedson, tare da al'ummar shíshálh suka shigar da ƙara. Sama da shekara goma ana bugawa. A 2021 aka amince a ba kowane ɗalibin jeka-ka-dawo dala 10,000, a Janairun 2023 kuma gwamnati ta yarda ta zuba dala biliyan 2.8 a wani asusun amana domin al'ummomi 325, kuɗin na farfaɗo da harshe da al'ada da kayan tarihi da lafiyar jama'a ne, kuma 'yan asalin ƙasar ne ke juya shi ba ma'aikata a Ottawa ba. Wannan sharaɗin na ƙarshe yana da dalili. A 1998 gwamnati ta taɓa ba da miliyan 350 aka kafa gidauniyar warkar da 'yan asalin ƙasa, ta yi aiki mai kyau a ƙauyuka, zaman ba da shawara da komawa daji da dattawa da sauransu, sai a 2010 aka yanke mata kuɗi, a 2014 ta rufe, daidai lokacin da mutane ke tsaka da buɗe tsofaffin miyakunsu a gaban hukumar gaskiya. Wanda aka taɓa yi wa haka ba zai sake yarda makullin ya zauna a hannun wani ba.

Warkewar da ake gani da ido kuwa tun kafin kuɗin ta fara. A Adams Lake, ba nisa da Kamloops, wasu iyaye mata 'yan Secwépemc suka fara tara ƙananan yara wajen dattawan da suka rage masu jin harshen, daga nan aka samu makarantar Chief Atahm a farkon shekarun 1990, inda ake koyar da yara da Secwepemctsín zalla. Tsohuwar da aka doka saboda harshen ita ce yanzu ake roƙo ta zo aji ta koyar da shi. Dattawan nan kaɗan suka rage kuma kullum raguwa suke, don haka duk shekarar da aka ɓata a kotu ba ƙaramar asara ba ce.

Ranar Ista ta 2024 al'ummar ta sa hannu kan wata yarjejeniya da manyan limaman Katolika na Vancouver da Kamloops, cocin ta amince da rawar da ta taka ta kuma yi alkawarin buɗe takardunta, rajistar baftisma da ta mutuwa da littattafan da limaman ke rubuta abin da ya faru kullum. Da waɗannan ne ake iya haɗa suna da shekara da ƙauye. Batun tonawa kuma al'ummar ta ce ba za ta yi gaggawa ba, domin yaran da suka zauna a Kamloops daga al'ummomi da yawa aka kwaso su, kowacce da yadda take mu'amala da mamaci, wasu na son a tono a yi gwajin ƙwayoyin halitta a mayar da kowa gida, wasu na ganin taɓa kabari babban laifi ne. Na fahimci mai cewa jinkirin yana ba masu musu ƙofa, gaskiya ne yana ba su. Amma mutanen da aka yi shekara 88 ana yanke hukunci a kan 'ya'yansu ba tare da an tambaye su ba, ba ɗan jarida ko ɗan siyasa ne zai sa musu ranar da za su tona ba.

Daga cikin buƙatu 94 ɗin nan, cibiyar Yellowhead da ke bibiyarsu ta ƙirga 13 kawai aka kammala zuwa ƙarshen 2023, a shekarar ma ko ɗaya ba a ƙara ba. Kimberly Murray, wadda gwamnati ta naɗa a 2022 ta duba batun kaburburan, ta miƙa rahotonta a Oktoban 2024 tana neman a kafa hukumar bincike da 'yan asalin ƙasa za su jagoranta, mai kuɗin aiki na shekara 20. Sannan akwai wa'adin da ke tafe: a 2017 Kotun Ƙoli ta yanke cewa bayanan da mutum 38,000 ɗin nan suka bayar a zaman diyya sirri ne, don da alkawarin sirri aka karɓe su, za a lalata su a watan Satumban 2027 sai dai wanda ya cike takarda da kansa ya ce a ajiye nasa. Hukuncin yana da hujja, mutum ne ya faɗi abin da ko matarsa bai taɓa faɗa wa ba. Sai dai da yawa daga cikin masu bayanan sun riga sun rasu, kuma danginsu ba su da ikon cike takardar a madadinsu.